Tsatsa a ƙasar rani: inda ƙarfe ke cinyewa a Sakkwato ba a gani

Ranar 24 ga Afrilu ta kowace shekara ce ƙungiyoyin masana tsatsa na duniya suka ware domin wayar da kan jama'a. A Sakkwato ranar kan faɗo a tsakiyar bazara, zafi ya haura digiri 40, ƙarfen ƙofa ma ba ya taɓuwa da rana tsaka. Duk wanda ya tashi a irin wannan lokaci yana jan kunnen mutane kan tsatsa, ba mamaki a ce masa ya nufi Legas ko Fatakwal, can ne iska ke ɗauke da gishirin teku. Masu faɗin haka ba su yi ƙarya ba, iskar Sakkwato tana raga wa ƙarfe. Sai dai ƙarfen da ya fi cin kuɗi a garin ba a iska yake zaune ba. Yana cikin rijiyar burtsatse, yana cikin kankare, yana binne a ƙarƙashin gidajen mai, kuma a waɗannan wurare danshi ba ya bin kalandar rani da damina.

Masu wannan fanni suna da ƙungiyoyi, kuma su ne ke rubuta ƙa'idojin da ake aiki da su. Mafi girma ita ce AMPP, wadda ta samu a farkon 2021 bayan haɗewar tsofaffin ƙungiyoyi biyu na Amurka: NACE, da injiniyoyi 11 masu kula da bututan mai da gas suka kafa a birnin Hustan a 1943, da kuma SSPC ta masana fentin ƙarfe, wadda aka kafa a 1950. Turai na da tarayyar EFC, kudancin Afirka na da cibiyarsu, Najeriya kuma na da ƙungiyar masana tsatsa ta NICA. A 2016 NACE ta fitar da ƙiyasin cewa tsatsa na ci wa duniya kimanin dala tiriliyan 2.5 a shekara, wato kashi 3.4 cikin 100 na abin da duniya ke samarwa, kuma ana iya tsira da kashi 15 zuwa 35 na wannan asara da dabarun da aka riga aka sani. Mafi yawan masu takardar ƙwarewa a Najeriya suna harkar mai ne a kudu, shi ya sa ilimin bai cika isowa hannun mai walda a Ƙofar Atiku ko mai haƙa rijiya a Gwadabawa ba, alhali ba wani sirri ne a ciki ba.

Tsatsa aikin lantarki ce, irin wanda ke gudana a cikin batirin tocila, inda kwanson tutiya ke narkewa a hankali yana ba da wuta. Abu huɗu take bukata: wurin da ƙarfe zai narke, wanda ake kira anod, wurin da iskar oksijin za ta karɓi lantarkin, wato katod, ruwa ko danshi da ya haɗa wuraren biyu, sai hanyar ƙarfe da lantarkin zai bi. Aka yanke ɗaya daga cikin huɗun, aiki ya tsaya. Fenti yana raba ƙarfe da ruwa, roba a tsakanin ƙarfe biyu tana yanke hanya, tutiya kuma tana karɓar matsayin anod ta narke a madadin ƙarfen. Akwai lissafi ɗaya da ya kamata ya zauna a kan kowane injiniya: wutar amfiya ɗaya tak, idan ta shekara tana fita daga jikin ƙarfe tana shiga ƙasa ko ruwa, tana tafiya da ƙarfe kusan kilo 9.

Abin da iska ke iya yi

Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 9223 ta kasa yadda iska ke cin ƙarfe aji-aji, daga C1 zuwa C5, sai CX ga bakin teku mai tsanani. A ajin C2, wanda ya haɗa da busassun wurare masu gajeren lokacin danshi, baƙin ƙarfe na rasa mikron 1.3 zuwa 25 a shekarar farko, tutiya kuma mikron 0.1 zuwa 0.7. Mikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A C4 tutiya na rasa mikron 2.1 zuwa 4.2. Da daminar da ba ta wuce wata huɗu ba, mafi yawan filin Sakkwato ya fi kama da C2. Ƙarfen da ya wuce kaurin milimita 6, idan aka tsoma shi a narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450 bisa ƙa'idar ISO 1461, yana fitowa da rufin aƙalla mikron 85. A raba 85 da 0.7, za a ga ya haura shekara 100. Saboda haka ɗan kwangilar da ya kwafo tsarin fentin bakin teku mai hawa huɗu ya ɗora wa turakun rumfar mota a Arkilla, kuɗin mai aiki kawai ya ƙone.

Kwanon rufi daban ne, domin tutiyarsa siririya ce. Mai lamba Z275 yana da kimanin mikron 20 a kowace fuska, na araha kuwa wani bai kai rabin haka ba. Yana fara ci ne a inda kwano ya hau kan kwano, da cikin indararo inda ƙurar hunturu ta taru ta zama taɓo da ruwan farko, da kuma inda aka yanka shi da giranda aka bar garin ƙarfe mai zafi ya manne a jikinsa. Kwanon aluzink, mai rufin alminiyam da tutiya, ya fi jure iska, amma ba ya shiri da ɗanyen siminti, kuma ba ya daɗewa a ɗakin kaji saboda tururin kashi.

Hasumiyar tankin ruwa ita ce ta fi bayyana halin tsatsar garin nan. Samanta kan shekara goma fes, gindinta ne ke ruɓewa. Tanki na cika yana ambaliya kullum saboda ba a sa fulot ba, ruwan na gangarowa ta ƙafafu ya kwanta a daidai inda ƙarfe ya shiga kankare. Idan sukwaya fayif ne aka bar bakinsa a buɗe, ruwa na taruwa a ciki ya ci shi ta ciki, fentin waje na nan da kyaunsa. Fayif mai kaurin milimita 2 da ake ci ta fuska biyu ba shi da rara, ga kuma lita 5,000 na ruwa, wato tan 5, a bisa kansa. Gyaran ba shi da tsada: a ɗaga dandamalin kankare ya fi ƙasa da taƙi guda, a karkata samansa yadda ruwa zai zurare, a toshe bakin fayif da walda ko a huda ƙaramar kafa a ƙasansa, a kuma ja bututun ambaliya nesa da ƙafafu. Mai dubawa ya ɗauki ƙaramar guduma ya bubbuga gindin; ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda ya cinye kuwa amonsa a dushe yake.

A wajen fenti, shiri ya fi fentin kansa muhimmanci. Sabon ƙarfe yana zuwa da baƙin ɓawo daga masana'anta, idan aka shafa jan fenti a kansa, ɓawon zai ɓamɓare ya tafi da fentin. Babban aiki yana son a feshe ƙarfen da tsakuwar gurza har matakin Sa 2½ na ƙa'idar ISO 8501-1, ƙaramin aiki kuma a gurje shi da buroshin waya da giranda har St 3, bayan an wanke maiƙo. Littattafai suna nanata cewa zafin ƙarfe ya ɗara ma'aunin saukar raɓa da digiri 3, kuma laimar iska kada ta wuce kashi 85. Wannan yana aiki da safiyar Agusta. Amma a sauran watanni matsalarmu akasin haka ce. Ƙarfen da ya sha ranar Afrilu yana busar da fenti tun kafin ya kwanta, ya bar ƙananan huji da ido ba ya gani. Fentin efoksi mai haɗi biyu kuma, duk ƙarin zafin digiri 10 yana rage kusan rabin lokacin da zai yi a bokiti kafin ya daskare, don haka a riƙa haɗa shi kaɗan-kaɗan, a yi aiki da sassafe ko bayan la'asar, a kauce wa ranar da hazo ya sauko. Efoksi ba ya jure hasken rana, yana yin gari, sai an rufe shi da fentin foliyuretan. Surka fenti da fetur maimakon tinar da kamfani ya faɗa kuwa, wannan ɗabi'a ce da ta kamata a daina.

Cikin rijiya

Nan ne asarar ta fi taɓa talaka. Famfon tuƙa-tuƙa da aka sa wa bututun ƙarfe mai rufin tutiya yana iya fara ba da jan ruwa cikin shekara ɗaya ko biyu, mata su ƙaurace masa saboda yana ɓata tuwo da farin kaya, a koma rijiyar da ba ta da murfi. Binciken da Bankin Duniya ya wallafa a 1994 kan famfunan Afirka ta Yamma ya nuna cewa irin wannan bututu bai dace da ruwan da ma'aunin pH ɗinsa ya gaza 6.5 ba; pH awon tsami ne, yana sauka idan tsami ya ƙaru. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya sa pH tsakanin 6.5 da 8.5, sinadarin ƙarfe kuma kada ya wuce miligiram 0.3 a lita.

Ƙasar Sakkwato hawa-hawa ce. Ruwan da ya ratso farar ƙasar Kalambaina, wadda ake yin siminti da ita, yana da nauyi, yakan shimfiɗa farin ɓawo a cikin bututu wanda ke ɗan kare ƙarfe. Ruwan da ke kwance cikin yashi mai zurfi kuwa sau da yawa marar nauyi ne, mai ɗan tsami, ba ya yin ɓawo, shi ne ke cin tutiya. Rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya suna iya shan ruwa daga hawa daban, don haka abin da ya yi wa maƙwabci aiki ba hujja ba ne. Awo ne hujja, kuma a bakin rijiya ake auna pH, a take. Idan aka ɗura ruwan a gora aka kai ɗakin gwaji bayan kwana biyu, iskar kabon da ke cikinsa ta fice, ma'aunin ya hau, takarda ta fito tana cewa lafiya lau.

Akwai gwaji mai sauƙi na gane inda jan ruwa ya fito. A ɗebi ruwan farko da asuba bayan famfo ya kwana ba a taɓa shi ba, sannan a yi ta bugawa na tsawon lokaci a sake ɗiba. Idan na farko ja ne na biyu ya washe kuma ya zauna a haka, bututu ne ke narkewa. Idan na biyun ya fito garau amma ya rine bayan ya ɗan zauna a bokiti, ƙarfen daga cikin ƙasa yake, sauya bututu ba zai raba shi da shi ba, sai an shayar da ruwan iska an tace shi da yashi.

Bututun yakan fara tsinkewa a mahaɗa, domin yanka masa zare yana kankare tutiyar ya kuma rage kaurinsa. Abin ya fi muni idan aka haɗa ƙarfe iri biyu. Injin sumo mai jikin sitenles da aka ɗaura kai tsaye a bututun tutiya ya mayar da bututun anod, zaren farko da ke saman injin shi ne zai cinye, wata rana a ja bututu ya fito shi kaɗai, injin ya tafi gindin rijiya. Girman fili ma yana da tasiri: ƙaramin noti na baƙin ƙarfe a jikin faffaɗan sitenles zai ƙare da wuri, amma notin sitenles a jikin faffaɗan baƙin ƙarfe ba ya yin ɓarna sosai. Maganin shi ne kesin da bututun roba na uPVC masu kaurin da ya dace da zurfin, sandar famfo ta sitenles, da igiyar tsaro da ba ta tsatsa.

Sitenles ɗin ma suna ne ya tara. Lamba 304 yana da kuromiyam kusan kashi 18 da nikel kashi 8. Lamba 201 da 202 an rage musu nikel an cike da manganis, sun fi araha, kuma a ido ba a bambanta su. Maganaɗisu ba ya raba gardama a nan, domin dukansu ba sa kama shi sosai. Sai takardar masana'anta ko na'urar awo. Ko 304 na gaske yana fara yin huji idan kuloraid ɗin ruwa, wato sinadarin gishiri, ya wuce kimanin miligiram 200 a lita, daga nan sai 316 mai molibdinam kashi 2 zuwa 3. Masu wanke tanki su kiyaye da zuba garin kulorin ya kwanta a gindin tankin ƙarfe: a narkar da shi a bokiti tukuna, a kuma ɗauraye bayan an gama.

Rodi a cikin kankare

Sabon kankare yana da pH sama da 12.5, a wannan yanayi rodi yana yin wata siririyar fata da ke hana shi tsatsa. Iskar kabon na shiga daga waje a hankali tana sauko da pH zuwa kusan 9, ranar da ta isa rodi fatar ta tafi. Shigar tata ba a miƙe take ba, tana raguwa da zurfi: idan ta ci milimita 10 a shekara 4, sai ta kai shekara 16 kafin ta ci 20, shekara 36 kafin ta ci 30. Ninka kaurin kankaren da ya rufe rodi sau biyu yana ninka kwanansa sau huɗu. Wannan shi ne amfanin biskit ɗin da ake sawa a ƙarƙashin rodi kafin a zuba dakin, milimita 25 zuwa 40 gwargwadon wurin, 50 a tushe, 75 idan kankaren zai kwanta a kan ƙasa kai tsaye. Leburori kan tattake rodi ya kwanta a kan katako, bayan shekaru sai a ga zanen ragar rodin ya fito ja a ƙasan dakin. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma ninki biyu zuwa shida, ita ce ke tsaga kankaren daga ciki.

Zafinmu yana shigowa ta wajen kwaɓi. Buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya sha ruwan da ya wuce jarka ɗaya mai lita 25 ba, har da danshin da ke cikin yashi. Amma kwaɓi na saurin ƙarfi a rana, sai a yi ta ƙara ruwa don ya yi daɗin zubawa. Rarar ruwan na ƙafewa ta bar ƙofofi. In kuma ba a yi bayi na aƙalla kwana 7 ba, an rufe da jiƙaƙƙen buhu, fatar waje, wadda ita ce garkuwar rodin, ba za ta nuna ba. Ana gane zurfin ɓarna da ruwan gwaji mai suna finolftalin: a fasa ɗan gefe a fesa, inda ya rine ja-ja yana da lafiya, inda bai sauya ba iska ta cinye. Murfin sokawe ya fi ko'ina haɗari, domin tururin masai yana zama asid a ƙasansa inda ba mai leƙawa. A wuraren da ƙasa ke da jibsam, kamar wajejen Dange da Wurno, a gwada salfet ɗin ƙasar kafin a zuba tushe. Wajen gyara kuwa, shafa filasta a kan tsaga ɓata siminti ne. Sai an sassaƙe har bayan rodin da kimanin milimita 20, an gurje shi ya yi haske, injiniya ya duba ko ya rame har yana bukatar ƙari.

Tankin da ke binne

Kafin a binne tankin mai ko bututun ƙarfe, ana auna yadda ƙasar ke tare lantarki, da turaku huɗu a jere masu tazara ɗaya. Ƙasar da ta gaza om-santimita 1,000 mai ci ce ƙwarai, wadda ta haura 10,000 tana da sauƙi. Yashin tudu yana sama, laka ta fadamar Rima tana ƙasa. Bututun da ya ratsa duka biyun yana ciwuwa ne a ɓangaren laka, inda iska ta yi ƙaranci. Haka ma dunƙulen laka ɗaya da ya manne a jikin tanki a cikin ramin yashi, a ƙarƙashinsa huji zai fito. Shi ya sa ake cike rami da tsabtataccen yashi, ba ɓaraguzan gini ko toka ko shara ba, kuma ake sauke tanki da majanyi mai faɗi, ba sarƙa da za ta kankare rufinsa ba.

Rufi kaɗai ba ya isa, domin duk cin yana taruwa a 'yan wuraren da ya ƙuje. Ana haɗa shi da kariyar katod, wato a mayar da tankin katod wani ƙarfe ya narke a madadinsa, dabarar da masanin kimiyya Hamfiri Debi ya fara gwadawa a jiragen ruwan Ingila a 1824. A ƙasa ana amfani da sandar magniziyam, mai kilo 7.7 ko 14.5, a cikin buhun da aka cika da jibsam kashi 75, bentonait kashi 20, sodiyam salfet kashi 5. A binne ta nesa kaɗan da tankin, a jiƙa ta sosai, a ja wayarta zuwa akwatin gwaji a sama. Ma'aunin da ƙa'idojin NACE, SP0169 na bututu da SP0285 na tankuna, suka ginu a kai shi ne milibolt 850 a ɓangaren ragi, wato nagatif, ko fiye, idan an auna da sandar awo ta jan ƙarfe da salfet ɗinsa, kuma karatun da ya fi gaskiya shi ne na daidai lokacin da aka katse wutar.

Abubuwa uku ke kashe wannan tsari a yankinmu. A watan Maris saman ƙasa ya bushe ƙamas, sandar awo ba ta samun haɗi, karatu ya fito a birkice. Sai an zuba ruwa a inda za a dasa ta, kuma a riƙa awo sau biyu a shekara, rani da damina. Na biyu, mai gyaran wuta ya zo daga baya ya haɗa tankin da turakun jan ƙarfe na wayar ƙasa, ko wani ya tsallake robar da ta raba tanki da bututun famfo, sai magniziyam ɗin ya koma kare dukan ƙarfen gidan mai, ya ƙare cikin 'yan shekaru. Na uku ya shafi manyan layuka irin bututun man da aka shimfiɗa zuwa defon Gusau, inda ake tura wutar kariya da na'ura, a yanzu har da hasken rana. Wayar ragi ce ke zuwa jikin bututu, ta ƙari kuma ga anod. Aka juya su, na'ura mai ba da amfiya 5 za ta kwashe kusan kilo 45 na ƙarfe a shekara, kuma duk daga wuraren da rufi ya ƙuje. Don haka bayan kowane gyara, kafin ma'aikaci ya rufe akwatin, a auna a tabbatar karatun bututun ya ƙara nutsawa ɓangaren ragi.

Cikin tankin ma yana da nasa. Ruwa ya fi mai nauyi, yana kwanciya a gindi, ƙwayoyin halitta masu cin salfet suna rayuwa a cikinsa suna huda ƙarfen, alamarsu baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kariyar katod ta waje ba ta isa can. Manajan gidan mai ya riƙa shafa man gano ruwa a bakin sandar awo kowane mako, da kuma bayan kowane ruwan sama mai ƙarfi, a zuƙe abin da aka samu, a duba robar murfin da ruwan ya bi ya shiga, a kuma ƙarfafa farantin da ke daidai inda sandar ke dukan gindin tanki.